Yadda ake bin salsalar iyalan da suka fara kutsawa yammacin Amurka

A 'yan shekarun nan wasu matasanmu na Agege da Idi-Araba suna karɓar aikin bincike ta intanet, kuma daga cikin abin da ake ba su akwai nemo wa Ba'amurke asalin kakanninsa da suka bar gaɓar gabas suka nausa yamma. Aikin yana yiwuwa daga Legas, domin an ɗora da yawa daga cikin takardun a intanet, amma wanda bai san tsarinsu ba zai ƙarar da datarsa a banza.

A fara daga mutumin da aka tabbatar da shi, a riƙa komawa baya uba bayan uba, kada a tsallake ko ɗaya. Madogara ta farko ita ce ƙidayar jama'a, wadda Amurka take yi duk shekara goma tun 1790, kuma ana duba ta kyauta a FamilySearch, wani shafin intanet na binciken asalin iyali. Daga 1790 zuwa 1840 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida kuwa adadinsu ake sakawa. Ta 1850 ce ta fara kawo sunan kowane mutumin gida wanda ba bawa ba da jihar da aka haife shi, kuma a nan ne hanyar ƙaura take fitowa fili: idan an haifi uba a Bajiniya, babban ɗa a Kentaki, autan kuma a Mizuri, to shekarun yaran sun nuna lokacin da aka tashi daga kowane zango. Ta 1880 ta ƙara da wurin haihuwar iyaye. Ta 1890 kuwa gobarar 1921 ta cinye mafi yawanta, sai a haƙura da ita.

Bayan haka sai a koyi hanyoyin da aka bi, domin ba a tafiya yadda aka ga dama da keken shanu. Jamusawa da mutanen arewacin Ayalan da suka sauka a Filadelfiya sun gangara kudu ta kwarin Shenandowa zuwa Karolina. A 1775 wani maharbi mai suna Daniel Boone ya share hanya ta mashigar dutsen Kambalan zuwa Kentaki, wasu kuma suka bi kogin Ohayo cikin jiragen katako. Wanda ya san wannan ba zai je neman kakan Bakentake a inda babu hanya ba.

Abin da ya fi kayar da sabon mai bincike shi ne sauyin iyakoki. Kentaki yankin Bajiniya ce har 1792, Tenesi kuma daga Karolina ta Arewa aka yanke ta, ta zama jiha a 1796. Gundumomi ma an yi ta tsaga su, ta yadda mutum zai bayyana a gundumomi uku alhali bai taɓa barin gonarsa ba. Takarda tana zama a kotun gundumar da take da iko a ranar da aka rubuta ta, saboda haka a tantance shekara kafin a buɗe kundi. Inda ƙidaya ta ɓace, kamar ta 1790 a Bajiniya da Kentaki, jerin masu biyan haraji ne yake maye gurbinta.

A ganina takardun fili sun fi komai amfani, domin neman gona ne ya tayar da mutanen tun farko. A tsofaffin jihohi ana kwatanta iyaka da bishiya da rafi da sunan maƙwabci. A yankunan da gwamnatin tarayya ta auna bisa dokar 1785 kuwa, an yanka ƙasa murabba'i mil shida-shida, kowanne kashi 36 mai eka 640, kuma dokar 1862 ta ba da eka 160 ga wanda ya zauna ya noma shekara biyar. A haɗa waɗannan da wasiyya da takardun rabon gado, waɗanda suke lissafa 'ya'ya har da sunayen mazajen 'ya'ya mata, da kuma fayilolin fanshon sojojin yaƙin neman 'yancin Amurka, musamman na dokar 1832, inda tsoho yakan faɗi da bakinsa duk garuruwan da ya zauna.

Bahaushen Legas yana da wata fahimta da za ta taimake shi a nan. Mun san yadda fataken goro suke tafiya ayari, da yadda baƙo yake sauka wurin mutumin garinsu a zango. Haka waɗancan suka yi. Idan sawun iyali ya ɓace, a rubuta sunayen maƙwabta da shaidun aure da na cinikin gona, a neme su a gundumar baya, galibi za a tarar da su tare. Suna kaɗai ba hujja ba ne, balle da yake magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji, kuma Bajamushe Zimmermann yakan koma Carpenter idan aka fassara sunan zuwa Turanci.

Ƙasar da ake kira sabuwa tana da masu ita, wato ƙabilun asali irin su Cheroki da Shoni, kuma iyalai da yawa sun tafi da bayi. A ƙidayar 1850 da 1860 an lissafa bayi da shekarunsu ƙarƙashin sunan ubangijinsu ba tare da sunayensu ba, sai a 1870 akasarinsu suka fito da suna. Idan mai ba da aikin baƙar fata ne, takardun gadon ubangijin ake bi, domin a can ake samun sunayen a cikin lissafin dukiya.