Yadda Ake Kwatanta Zanen Farko Da Kumbon Da Ya Fito A Fim

Kumbon da kake gani a finafinan almarar kimiyya ya sha gyara kafin ya kai ga allo: mai zane ya zana, mai ƙera samfuri ya sassaƙa, darakta ya ce a sake. Ga yadda za ka bi sawun wannan gyara.

Fara da samo hotuna biyu, zanen farko da kumbon da ya fito, kuma su zama daga ɓangare ɗaya, na gefe da na gefe. In ka haɗa na gefe da na sama, za ka ga bambancin da babu shi.

Daga nan ka ajiye maganar fenti da ado, ka cike surar kowanne da baƙi har ya zama inuwa zalla. A wurina wannan matakin ya fi sauran, domin da sura mai kallo ke gane kumbo cikin ƙiftawar ido. Ɗauki kumbon Millennium Falcon na Star Wars, fim ɗin 1977. Samfurinsa na farko dogo ne kamar bututu. Sai aka lura ya yi kama da kumbon Eagle na shirin talabijin Space: 1999, aka sake shi baki ɗaya, ya koma faifai mai ɗakin matuƙi a gefe. Tsohon samfurin kuwa ba a yar da shi ba. Shi aka gyara ya zama Tantive IV, wanda ake fafara a farkon fim ɗin. Don haka in zane ya ɓace maka, neme shi a jikin wani kumbon.

Sai ka rubuta abin da aka cire da abin da aka ƙara, kowanne ka tambayi dalilinsa. Nan daɗin aikin yake. A zanukan farko na Discovery One, na fim ɗin 2001: A Space Odyssey da ya fito a 1968, akwai manyan faranta na fitar da zafin injin nukiliya. A kimiyyance daidai ne, amma aka cire su kada masu kallo su ɗauka fukafukai ne, alhali babu iska a sararin samaniya. Mai zane Matt Jefferies ma ya gwada yi wa gaban kumbon Enterprise na shirin Star Trek siffar ƙwallo kafin ya tsaya a kan faifai.

Yanzu koma kan launi. Kumbon Nostromo na fim ɗin Alien na 1979 rawaya aka fara shafa masa, daraktan fim ɗin, Ridley Scott, ya sa aka mai da shi ruwan toka.

Kafin ka yanke hukunci, tabbatar da sunan mai zanen da shekarar da ya yi shi. Intanet cike take da zanukan masoya da aka yi bayan fim ya fito, ana yaɗa su da sunan zanen farko.