Yadda Ake Haɗa Tarihin Lauyan Karkara da Na Zuriyarsa

Lauyan da ya ƙare rayuwarsa tsakanin kotun shari'a da ta majistare a gari irin Ringim, Bichi ko Birnin Kudu yakan bar adaka cike da takardun rikicin gonakin mutane, nasa tarihin kuwa ko shafi guda babu. Mai son haɗa shi hanya biyu zai bi: takarda ga shi lauyan, baki ga iyaye da kakanni.

A fara da baki, kuma da mata. Baffanni sukan jero sunayen maza su tsaya, amma goggo ce ta san wa ya auri wa, wa aka kai riƙo, wa ya zo agola, su wa suka sha nono ɗaya. A je da rani bayan girbi, da hantsi ko bayan la'asar, da ɗan goro ko sabulu. Zama kada ya wuce awa ɗaya, mutum ɗaya kuma a lokaci guda, domin in babba yana wurin ƙarami ba zai gyara masa magana ba. A nemi izini kafin a kunna waya. Kada a ce “Goggo, ba ni tarihin gidan nan”, addu'a kawai za a samu. A ce, “Goggo, a ɗakin wa aka yaye Baba?”

Sunaye ne ke ɓatar da mutane. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, wanda ya ci sunan kaka kuma ana ce masa Abba ko Baffa har tsufansa, don haka kowa a rubuta sunansa na yanka da laƙabinsa. A makarantar boko wani ya ɗauki sunan uba, wansa ya ɗauki na gari, wanda aka riƙa ya ɗauki na mariƙinsa. Sai ka ga uwa ɗaya uba ɗaya, suna uku a takarda.

Tsofaffi ba sa ba da shekara, abin da ya faru suke tunawa. A yi musu awo da shi: zuwan Turawa Kano 1903, yaƙin Haɗejiya 1906, zuwan Sarauniya 1956, rasuwar Sardauna 1966, canjin hannun tuƙi 1972, fitowar naira 1973, rikicin Maitatsine 1980. Ranar haihuwar da ke takardar rantsuwar shekaru abar tuhuma ce, musamman in 1 ga Janairu ce. Wadda malami ya rubuta da ajami a gefen littafi ko cikin gafakar Alƙur'ani ta fi ta ƙarfi. In ta Hijira ce, a ninka da 0.97 a ƙara 622. Shekarar 1370 za ta faɗo wajen 1950 zuwa 1951.

Ɓangaren lauyan ya fi sauƙi. Duk wanda aka rantsar lauya a Najeriya sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli, da shekara da lamba, kuma takardar shaidar takan kasance rataye a bangon ofishinsa. Daga wannan shekarar ake lissafi baya: Makarantar Lauyoyi, jami'a, sakandare. An kafa Makarantar Lauyoyi a Legas a 1962, reshen Bagauda kuwa sai bayan an mayar da hedikwata Bwari a 1997. In dangi suka ce a Bagauda ya yi alhali an rantsar da shi a 1985, to an haɗa labari biyu. Tsohon akawunsa da rajistaran kotu su suka san irin shari'un da ya fi riƙewa. Sai dai fayil ɗin waɗanda ya tsaya wa amana ce, ba ta faɗuwa don ya rasu. Kada sunan kowa ya fito daga ciki.

In gidan alƙalai ne, a tambaya ko uban ko kakan ya shiga Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Takardun zamanin En'e, wato hukumar gargajiya, a neme su a gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da Gidan Ɗan Hausa na Kano. Mutumin Jigawa ya tuna jiharsa a 1991 aka ƙirƙiro ta, abin da ya gabaci haka da sunan Kano aka ajiye shi.

Takardar rabon gado ita ce ta fi kowace amfani wajen salsala, tunda tana jero magada, maza da mata, da matan da mamaci ya bari. A ɗauki hoton kowace gaba da baya a inuwa, a mayar wa mai ita nan take. Kada a lulluɓe tsohuwar takarda da roba mai zafi ko a liƙa mata salatif, tawada takan lalace. A ɗaga adakar daga ƙasa saboda gara da damshin damina.

Inda baki biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Maganar bauta, saki ko rikicin gado kuwa, sai an karanta wa manyan gida sun amince kafin a buga.