Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen faifan ajiya don taskar finafinai da hotuna a gida

Duk wanda ya shafe shekaru yana tara finafinai da waƙoƙi da bidiyon iyali ya san cewa wurin ajiya yana cika da sauri fiye da yadda ake zato, domin fim guda mai ingancin 4K da aka kwafo daga faifan Blu-ray yana iya cin gigabayit 50 ko fiye. Yawancin masu saye girma da farashi kawai suke dubawa, alhali kowane faifan ajiya mai juyawa yana da ranar da zai lalace, kuma da wannan ranar ya kamata a yi lissafi tun kafin a fitar da kuɗi.

Kuskuren da ya fi cutarwa, a ganina, shi ne rashin bincikar yadda faifan yake rubuta bayanai. Akwai tsari biyu. A tsarin CMR kowane layin bayani yana da wurinsa daban, ana iya sake rubuta shi ba tare da an taɓa na kusa da shi ba. A tsarin SMR kuwa layukan suna hawan gefen juna don a samu ƙarin wuri da araha, saboda haka idan za a canza wani bayani dole faifan ya sake rubuta layukan da ke maƙwabtaka da shi. Wanda yake kallon fim kawai ba zai ga bambanci ba, amma ranar da zai kwafe terabayit da yawa a lokaci guda, ko ranar da akwatin NAS, wato akwatin da ke haɗa faifai da yawa don ajiya a kan hanyar sadarwar gida, zai sake gina bayanan wani faifai da ya mutu, gudun yakan faɗi ƙasa warwas, wani lokaci ma akwatin ya ɗauka faifan ya lalace ya cire shi daga tsarin. A shekarar 2020 aka gano cewa Western Digital ya sa SMR a wasu faifan WD Red masu terabayit 2 zuwa 6 ba tare da ya bayyana ba, daga baya kamfanin ya ware sunan WD Red Plus ga masu CMR. Gyaran shi ne a duba takardar bayanan faifan a shafin kamfanin ta lambar samfurinsa, kuma idan za a haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, a tsaya kan CMR.

Na biyu shi ne ɗaukar RAID, wato tsarin haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda, a matsayin kwafin ajiya. RAID yana kare mutum daga mutuwar faifai guda, ko biyu a tsarin RAID 6, amma idan aka goge fayil bisa kuskure, ko cutar kwamfuta ta kulle bayanan, ko gobara ta cinye akwatin, duk faifan tare suke tafiya. Ƙa'idar da masana suka daɗe da bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga cikinsu a wani wuri daban. Ba lallai ne a yi wa kowane fim haka ba, tunda abin da za a iya sake samu ba ya buƙatar irin wannan tsaro. Hotuna da bidiyon da mutum ya ɗauka da kansa kuwa ba su da madadi, su ne ya kamata a fara kashe wa kuɗi.

Akwai kuma ruɗanin lissafin girma. Kamfanoni suna ƙirga terabayit da dubu-dubu, Windows kuma tana ƙirgawa da 1024, shi ya sa faifan da aka rubuta masa terabayit 8 yake nuna kusan 7.27. Wannan ba zamba ba ce, amma wanda bai sa shi cikin lissafi ba zai tarar wuri ya ƙare masa da wuri. Ya fi kyau a auna abin da ake da shi, a duba yadda ya ƙaru a shekarar da ta wuce, sannan a sayi wanda zai ɗauki ƙaruwar shekara biyu ko uku.

Biyan kuɗi mai yawa saboda gudu asara ce ga wannan aiki. Fim ɗin 4K mafi nauyi ba ya wuce megabit 128 a daƙiƙa, wato kusan megabayit 16, kuma faifai mai juyi 5400 a minti yana karanta ninki da yawa na hakan, ga shi ya fi ƙarancin zafi da ƙara. Abin da ya cancanci kulawa shi ne nauyin aikin da aka ƙera faifan ya ɗauka: na kwamfutar tebur galibi karatu da rubutun terabayit 55 ne a shekara, na NAS irin su Seagate IronWolf kuwa 180, kuma an yi su ne don su kwana suna aiki kusa da wasu faifan da ke girgiza.

Wasu suna barin faifan waje a tsarin adana fayiloli na FAT32, sai su yi mamakin ƙin karɓar fayil da ya wuce gigabayit 4. A sauya shi zuwa exFAT ko NTFS tun yana wofi, domin sake tsara faifan, wato format, yana goge abin da ke ciki.

Sabon faifai ma bai kamata a yarda da shi nan take ba, saboda mai aibi daga masana'anta yakan nuna kansa ne a makonnin farko. Kafin a zuba masa taska, a yi masa cikakken gwajin SMART, wato gwajin da faifan ke yi wa lafiyar kansa, a duba ko akwai sassan da suka lalace aka sauya musu wuri ko waɗanda ke jiran sauyi, kuma idan adadin ya fara hawa a mayar da shi tun garanti bai ƙare ba. Idan za a sayi huɗu ko biyar, gara a rarraba sayen a lokuta daban, don kada aibin rukuni guda ya same su gaba ɗaya. Bayan haka a sama musu iska mai ratsawa yadda zafinsu zai tsaya kusa da digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, a kuma haɗa akwatin da na'urar UPS mai batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke ta, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya lalata fayil ko da faifan lafiyarsa ƙalau.