Darasi na Tara: Sakaci, Wauta da Rashin Wayo a Turanci

Mutum uku suka yi asarar kuɗi a rana guda. Na farko ya ajiye jakarsa a kan benci ya tashi ya bar ta, alhali ya san wurin ba shi da tsaro. Na biyu an gargaɗe shi har sau uku kada ya zuba kuɗinsa a caca, ya toshe kunne ya zuba. Na uku saƙo ya shigo masa a waya cewa ya ci kyauta, amma sai ya fara tura kuɗin rajista. Bai taɓa jin labarin irin wannan damfara ba, sai ya tura.

Asarar iri ɗaya ce, amma ba suna ɗaya za mu ba su ba. Na farko ya yi sakaci, na biyu ya yi wauta, na uku rashin wayo ne ya ja masa. Turanci ma haka ya raba su: *careless*, *foolish*, *naive*. Kafin ku zaɓi ɗaya, ku tambayi kanku: me mutumin nan ya sani a lokacin da ya aikata?

Wanda ya sani, amma bai kula ba

*Careless* kalma biyu ce a haɗe. *Care* kula ce, *less* kuma idan ta zo a ƙarshen kalma tana nufin maras abu, kamar *homeless*, maras gida. To *careless* maras kula ke nan, mai sakaci. *A careless mistake* kuskure ne da mutum ba zai yi ba da ya natsu. Kada ku haɗa ta da *carefree*, wadda ake faɗa wa mutumin da babu damuwa a ransa. Wannan ba zargi ba ce.

*Reckless* ta fi nauyi, ita ce ganganci. Mai sakaci hankalinsa ne ya tafi wani wuri, mai ganganci kuwa ya ga haɗarin da idonsa ya kutsa. *Reckless driving* shi ne tuƙin ganganci.

*Negligent* ita nake so ku riƙe da kyau, domin ita ce ke shiga takarda. Ana amfani da ita ga wanda aka ɗora wa nauyi ya yi masa riƙon sakainar kashi: mai gadin da ya bar ƙofa a buɗe, ko ma'aikacin da bai duba injin da aka ba shi amanar dubawa ba. Sunan aikin *negligence*, kuma kalmar shari'a ce. A 1928, a garin Paisley na Sukotland, wata mata mai suna May Donoghue ta sha lemon citta daga kwalbar da ba a ganin cikinta, ta ce daga baya ta ga ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki, kuma ta kwanta ciwo. Ba ita ta sayi lemon ba, saya mata aka yi, don haka babu wata yarjejeniya tsakaninta da mai kamfanin. Duk da haka a 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan zamani ta yanke cewa wajibi ne mai sarrafa kaya ya kula da lafiyar wanda kayan za su isa hannunsa. A kan wannan hukunci aka gina dokar sakaci a ƙasashe da dama. Saboda haka idan kuka ga *negligence* a wasiƙa daga wurin aiki ko daga kamfanin inshora, ku san cewa mai yiwuwa laifi ake ɗora muku, kuma yana iya jawo biyan diyya ko kora. *Gross negligence* mummunan sakaci ne, ya fi tsanani. Kada ku sa hannu a irin wannan takarda sai kun nemi wanda ya san doka ya karanta muku.

Mai yawan sha'afa, wanda ke neman tabarau alhali yana sanye da shi, *absent-minded* ake ce masa, kuma ba a jin zafinta.

Wanda bai yi tunani ba

*Fool* shi ne wawa. Asalinta daga Latin ne, *follis*, wato zugazugi: abu ne a kumbure, amma iska ce zalla a ciki. Ku lura da tazarar da ke tsakanin jimlolin nan biyu. *That was foolish* na nufin wannan abu wauta ne, kun taɓa aikin kawai. *You are a fool* na nufin kai wawa ne, kun taɓa mutumin gaba ɗayansa. Ta farko aboki na iya faɗa wa aboki su ci gaba da hira. Ta biyu na iya raba zumunci.

*Silly* mai sauƙi ce, kusa da shirme ko shiririta. Uwa na faɗa wa yaro *don't be silly*, wato bar shirme. Tarihinta abin mamaki ne, don a tsohon Turanci tana nufin mai albarka. A hankali ta koma maras laifi, sannan abin tausayi, har ta iso inda take yau. *Nice* kuwa akasin wannan hanya ta bi. Daga Latin *nescius* take, wanda bai sani ba, kuma da ta shiga Turanci wawa take nufi, amma yau yabo ce.

*Stupid* tana da zafi sosai, daƙiƙi ke nan ko dolo. *Idiot* da *moron* kuwa zagi ne tsagwaronsa. Ita *moron* wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Henry Goddard, ya shigo da ita a 1910 don yi wa masu raunin ƙwaƙwalwa laƙabi, daga baya likitoci suka watsar da ita. Haka *dumb*, asalinta bebe take nufi. Shawarata ku san waɗannan don ku gane idan an faɗa, amma kada su fito daga bakinku, domin raunin da mutum bai ɗora wa kansa ba bai cancanci zama abin zagi ba.

Akwai wadda ake yawan cakuɗawa da su, *ignorant*. Ma'anarta wanda bai san wani abu ba. Babban likita na iya zama *ignorant* game da gyaran mota, hankalinsa kuma garau. Sai dai idan aka jefa wa mutum ita kai tsaye tana zafi, kamar yadda jahili ke zafi a Hausa.

Wanda idonsa bai buɗe ba tukuna

*Naive* daga Faransanci Turanci ya aro ta a ƙarni na 17, tushenta kuma Latin *nativus*, wato yadda aka haifi abu. Gaɓa biyu ce, na-iv, ana danna ta biyun, kuma wani lokaci za ku ga ɗigo biyu a kan harafin i. Ana faɗar ta ga mai zuciya ɗaya, wanda yake ɗauka kowa kamarsa ne saboda bai goge da duniya ba. Zargin da ke cikinta kaɗan ne, har mutum kan faɗa wa kansa: *I was naive*, a lokacin ban san dawan garin ba.

*Gullible* mai saurin yarda ne, wanda ake yi wa wayo cikin sauƙi. Wanda aka damfara sau ɗaya *naive* ne. Idan aka sake kama shi da dabara iri ɗaya, ya koma *gullible*. *Innocent* maras laifi ne, haka take a kotu, kuma ana faɗa wa yaron da bai san sharri ba. Sabon shiga a aiki *inexperienced* ya dace da shi.

Aiki

Ku rubuta kalmar Turanci da ta dace da kowane:

1. Direba ya ga jar danja ya ƙara wuta.
2. Yarinya ta yarda da duk abin da baƙo ya faɗa mata a intanet, karon farko ke nan da ta riƙe waya.
3. Mai kula da ginin ya san matattakala ta karye, ya yi wata uku bai gyara ba, wani ya faɗi.
4. Ɗalibi ya san amsar, amma gaggawa ta sa ya rubuta 21 a maimakon 12.

Sannan ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya karanta *You are stupid*, ɗayan ya sake gina jimlar yadda za ta taɓa aikin ta bar mutumin, ta amfani da *careless* ko *foolish*. Ku musanya, kowa ya gwada sau biyu da babbar murya.