Yadda za ka canza faifan RAID a kwamfutar gida ka ƙara masa girma ba tare da ka rasa fayil ba

Wannan bayani na wanda yake da Linux ne a gida, ya haɗa faifai biyu da mdadm (manhajar haɗa RAID a Linux) a RAID1, wato tsarin da kowane faifai yake ɗauke da cikakken kwafin ɗayan, a ce kowanne 2TB, yanzu wuri ya cika ko ɗaya ya fara ciwo yana so ya koma 4TB. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko, kada ka cire tsohon faifai sai sabon ya gama ɗaukar kwafin komai. Mutane da yawa suna zare tsohon ne su sa sabo su bar shi yana sake gini, to a duk awannin da ginin zai ɗauka kwafi ɗaya tak gare ka, kuma a kan faifan da ya tsufa wanda za a karanta shi daga farko har ƙarshe ba hutu, a irin lokacin ne ɓoyayyen lahani yake fitowa.

Kafin ka taɓa komai ka kwashe abubuwan da ba za ka iya jure rasa su ba zuwa wani faifai na waje. RAID1 ba ya hana kuskure, in ka goge abu ko ka buga umarni a kan faifan da ba shi ba to duka biyun ne za su tafi tare. Sannan maganar wuta, in inda kake ana yawan ɗauke ta, don Allah ka samu UPS ko inbata mai caji sosai, kwafin 2TB in yana tafiya a kan kamar 150MB a daƙiƙa zai ci kusan awa huɗu, kuma sau biyu za ka yi, ban da daidaita sabon wurin a ƙarshe.

Wajen saye ka duba faifan CMR ne ko SMR, wato hanyoyi biyu na jera bayanai a kan faifai. A 2020 aka yi ta ƙorafi da aka gano wasu WD Red daga 2TB zuwa 6TB SMR ne, har kamfanin ya fito da WD Red Plus a matsayin layin CMR. Faifan SMR yana rarrafe in aka daɗe ana rubuta masa ba tsayawa, shi kuwa ginin RAID rubutu ne ba tsayawa. Ni dai ba na ba kowa shawarar sa shi a nan ko da ya fi araha.

Da ka jona sabon, kada ka yi gaggawa, gwada shi tukuna (a misalan nan /dev/sdc ne sabon faifan, sdb ɗaya daga cikin tsofaffin, md0 kuma RAID ɗin kansa):

smartctl -t long /dev/sdc

Zai ɗau awanni, ka bar shi. In ya gama ka buga smartctl -a /dev/sdc ka duba Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector, sabon faifai sifili ya kamata ka gani, in ba sifili ba ka mayar wa mai shago. Ka duba Power_On_Hours ma musamman in na hannu ka saya, a nan za ka san awa nawa ya yi yana aiki komai abin da aka faɗa maka a baki. Tsofaffin ma ka duba su, wanda ya fi lahani shi za ka fara canzawa. Haka kuma ka sa RAID ɗin ya karance kansa da echo check > /sys/block/md0/md/sync_action, gara matsala ta fito yanzu da kake da kwafi biyu.

Sunaye irin su sdb da sdc suna iya sauyawa in ka kashe ka kunna, don haka kada ka dogara da su ido rufe. Buga ls -l /dev/disk/by-id ka ga lambar siriyal ta kowane faifai, ka rubuta a takarda, ita ce dai lambar da ke manne a jikinsa, da ita za ka gane wanda za ka zare in lokaci ya yi.

Sai raba faifan. Tsohon tsarin raba faifai na MBR ba ya wuce 2TiB a faifai na yau da kullum, 4TB dole sabon tsarin GPT, shi ya sa ba za ka kwafi teburin tsohon kai tsaye ba in MBR ne:

sgdisk -n 1:0:-100M -t 1:fd00 /dev/sdc

Wannan 100M da na bari a ƙarshe da gangan ne, saboda faifan 4TB na wannan kamfani da na wancan ba lallai girmansu ya zo daidai ba, in wata rana ka sayo wanda ya gaza da ɗan kaɗan mdadm zai ƙi karɓarsa. In kuma daga waɗannan fayafayan kwamfutar take tashi, sai ka ware wa EFI (sabon tsarin tayar da kwamfuta) nasa wurin, ko ɗan ƙaramin fatishan ef02 in BIOS ne, kuma daga baya ka yi grub-install a kan sabon don sa masa manhajar da ke tayar da Linux, in ba haka ba ranar da ka zare tsohon za ta ƙi tashi alhali fayilolinka lafiya lau suke.

Yanzu ainihin canjin, tsofaffin biyu suna nan a jone, sabon ya zama na uku:

mdadm /dev/md0 --add /dev/sdc1
mdadm /dev/md0 --replace /dev/sdb1 --with /dev/sdc1

Amfanin --replace shi ne sdb1 yana ci gaba da aiki har sai an gama kwafin, sannan a yi masa alamar faulty. Ka riƙa leƙa cat /proc/mdstat za ka ga kashi nawa ya yi da mintocin da suka rage. In ka ga yana jan ƙafa saboda kana amfani da kwamfutar, ƙara lambar da ke /proc/sys/dev/raid/speed_limit_min, asalinta 1000 ce kawai, wato kilobait 1000 a daƙiƙa. Da ya gama ka ga [UU], alamar faifai biyu suna aiki lafiya, sai mdadm /dev/md0 --remove /dev/sdb1, ka kashe kwamfutar, ka duba siriyal, ka zare shi, ka sa sabo na biyu a gurbinsa ka maimaita komai a kan ɗayan tsohon. In ramin SATA biyu kawai gare ka to babu makawa sai --fail da --remove sannan --add, amma a nan kwafin nan na waje ya zama wajibi.

Bayan duka biyun sun shiga za ka buga df -h ka ga har yanzu tsohon girman ne, kada ka tsorata, hawa-hawa ne abin, kowane hawa sai an gaya masa wuri ya ƙaru, daga ƙasa zuwa sama. RAID ɗin ne farko:

mdadm --grow /dev/md0 --size=max

In ya yi ƙorafi a kan bitmap, wato taswirar da RAID yake tuna wuraren da aka taɓa da ita, cire shi da --grow --bitmap=none, ka faɗaɗa, in ya gama daidaita sabon wurin ka mayar da --bitmap=internal. Kada ka manta mayar da shi, shi ne yake sa in wuta ta ɗauke ba sai an sake karanta faifan gaba ɗaya ba. In akwai LVM, wato tsarin da ke raba wurin zuwa bolum-bolum, sai pvresize /dev/md0, sannan lvextend -r -l +100%FREE da sunan bolum ɗinka, wannan -r ɗin zai faɗaɗa tsarin fayil ɗin a tare. In babu LVM, ya danganta da tsarin fayil ɗinka, ext4 resize2fs /dev/md0 ne, XFS kuma xfs_growfs da inda aka ɗora shi, duka biyun suna yi ko ana cikin amfani da shi. Za ka ga kamar 3.6T maimakon 4, ba cuta ba ce, kamfani da dubu yake ƙirga shi kuma Linux da 1024.

Mai RAID5 ma, wanda ake rarraba bayanai a kan fayafayai da yawa, hanyar ɗaya ce, faifai ɗaya bayan ɗaya, kuma wurin ba zai ƙaru ba sai ka canza dukkansu tunda mafi ƙanƙanta ne yake yanke girman. Ragewa kuwa a juye ake yin ta, tsarin fayil da farko sannan RAID, ext4 sai an sauke shi tukuna, XFS ma kada ka sa rai, kuma kuskuren lissafi kaɗan yana yanke ƙarshen bayananka, gara ka haɗa sabon RAID ka kwafe.

Tsofaffin faifan biyu kada ka yi saurin gogewa, kowanne yana ɗauke da kwafin fayilolinka na ranar da ka zare shi, ajiye su mako biyu ko uku. In ka tabbatar komai daidai, kafin ka sake amfani da su ka buga mdadm --zero-superblock a kan fatishan ɗinsu don kada Linux ya ɗauka har yanzu 'yan md0 ne.