Shawara ga masu sayar da kayan kariya da shaidar dawaki

'Yan uwa masu wannan sana'a, ga abin da ya rage mini asara. Kada ku sassaƙa lambar waya a kan alamar ƙarfe sai mai doki ya turo muku ita a rubuce, ku kuma mayar masa ya tabbatar. Lamba ɗaya ta kuskure, alamar ta tashi a banza, kuma ku za ku biya. Ku zaɓi tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, domin gumin doki da ruwan sama suna cinye rubutun fenti cikin 'yan watanni.

Batun ragama kuwa, ta nailan ba ta saurin tsinkewa. Idan doki ya maƙale da shinge, wuyansa ne zai ji jiki. Shi ya sa nake ajiye mai ɗan madaurin fata a bayan kunne, wanda ke yankewa idan an ja da ƙarfi, ina kuma sayar da madaurin daban. Masu saye na dawowa nemansa sosai.

Idan kuna sayar da na'urar karanta maikurocif, wato ɗan ƙaramin abin da ake dasawa a jikin doki mai ɗauke da lambar shaidarsa, ku duba ta dace da ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 11784 da 11785, ta maikurocif mai lambobi 15. Dasa shi a wuyan doki aikin likitan dabbobi ne, ba namu ba.

Hular kwanon da aka faɗi da ita, ko ba tsaga a waje, ba na karɓarta in sake sayarwa.