Yadda Nake Sassaƙa Ƙaramin Kwale-kwalen Dufuna

Tun da na ga hoton kwale-kwalen Dufuna na daina sassaƙa jirage masu ƙaton ciki. Wani Bafulatani ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a Dufuna, jihar Yobe. Shekarunsa sun kai 8,000, tsawonsa mita 8.4, faɗinsa rabin mita kacal. Wannan sirantakar ita ce kyansa, kuma nan masu koyo suke ɓata aiki.

Raba komai gida 20: tsawo santimita 42, faɗi 2.5. Idonka zai ce ya yi siriri da yawa. Kada ka saurare shi.

Je wurin 'yan katako ka nemi guntun malaina busasshe, marar gaɓa. Maɗaci ya fi kyan launi, amma taurinsa sai ya sa ka yi rantsuwa ba ka ƙara sassaƙa. Ɗanyen itace kuwa tsagewa zai yi da zarar hunturu ya shigo.

Zana siffar da fensir a sama da gefe. Ajiye gizago, ya yi wa wannan aiki girma. Wuƙa mai kaifi da siririn cizal mai lanƙwasa sun isa.

Cikin za ka fara raraƙewa, tun katakon yana da kaurin da za ka danne shi a kan benci. Na taɓa fara da waje, ina kai cizal ciki gefen ya ɓalle a hannuna, aikin kwana uku ya koma makamashi. Bi jijiyar itacen, ka riƙa ɗebowa kaɗan-kaɗan, bakin ƙarfen yana kallon gaba, nesa da yatsunka. Bar santimita 5 a kowane ƙarshe ba rami.

Sannan ka fere wajen. Kowane ɗan lokaci ka matse gefen da yatsu biyu. In ya kai kaurin milimita 3, tsaya. Goshi da wutsiya su tafi a hankali har su yi tsini, ba a datse su kamar rake ba.

Goge da samfefa, mai kaushi sannan mai laushi, ka shafe shi da man kaɗe. Ni ba na sa fenti, kuma ba na ɗora masa matuƙi. Da ma sassaƙa mai rai malamai suke hanawa.

Sa shi a roba da ruwa. In ya karkata dama, ƙara fere dama.